Yadda nake fitar da zanen furotin da ruwan ECL a westan bulot

Wata ranar Laraba cikin bazara wani ɗalibina mai digiri na biyu ya shigo ofis riƙe da fim ɗin westan bulot, wato gwajin gano wani furotin a cikin samfur, bai ma gama bushewa ba. Ya ce, "Malama, ruwan ECL ɗin nan ya lalace, sai an sayo sabo." ECL shi ne ruwan da ke sa zanen furotin ya yi haske har ya fito a fim. Na karɓi fim ɗin na ɗaga ta wajen taga. Filin ya yi duhu, amma daidai inda furotin ɗinsa ya kamata ya fito, wajen kilodalton 42 a ma'aunin nauyin furotin, sai ga fararen zane guda takwas a jere, kowanne da baƙin gefe kamar an zagaye shi da kwalli. Na ce ya ɗauko membiren ɗin, wato siririn fallen da furotin ke manne a kai. Da ido ma ana ganin zane launin ƙasa-ƙasa a kansa. Ruwan lafiyarsa lau. Abin da ya faru shi ne yaron ya tsinka antibodi na biyu, wato wanda ke kama antibodi na farko da ya manne wa furotin, kashi 1 cikin 2,000, sannan ya zuba ruwan da kamfaninsa ya ce a tsinka antibodin zuwa 1 cikin 100,000 ko fiye. Enzayim ɗin da ke jikin antibodin ya yi yawa a wurin, ya cinye sinadarin cikin daƙiƙoƙi tun kafin a kai ga ɗora fim, sai wurin ya mutu ya fito fari. Kwana uku na aiki da hantar ɓeraye takwas ya kusa tafiya a banza, kuma ya kusa sa mu zubar da kwalbar da ta yi wata biyu a hanya kafin ta iso.

Tun daga ranar ba na barin ɗalibi ya taɓa kwalbar ECL sai na zaunar da shi na faɗa masa abin da ke faruwa a kan membiren ɗin. Wanda ya gane wannan, sauran aikin zai zo masa da sauƙi.

A jikin antibodi na biyu an maƙala enzayim da ake kira HRP, wanda ake cirowa daga saiwar wani tsiro na ƙasashen Turai mai yaji, horseradish. Ɗalibaina sukan ɗauka zogale ne, don Turawa na kiran zogale da sunan wannan tsiron saboda ɗanɗanon saiwarsa, amma tsirran biyu daban suke. HRP yana da ƙarfe a tsakiyarsa irin wanda ke cikin jini. Idan ya haɗu da haidurojin feroksayid sai ya ƙona luminol, waɗannan biyun su ne ke cikin ruwan ECL, shi kuma luminol ɗin da aka ƙona yana sakin haske shuɗi-shuɗi mai tsawon zango wajen nanomita 425. Tun 1928 wani Bajamushe mai suna Albrecht ya bayyana hasken luminol, amma hasken ba shi da ƙarfi kuma ba ya daɗewa. A shekarun 1980 ne Whitehead da Thorpe da Kricka a Birmingham ta Ingila suka nuna cewa idan aka ƙara wasu sinadarai, irin su fara-ayodofinol, hasken yana ninkuwa sosai kuma yana jimawa. Wannan ƙarin shi ne ma'anar harafin E da ke cikin ECL, kuma kamfanin Amersham ne ya fara yaɗa shi a kasuwa. Ita kanta dabarar kwafe furotin daga jel, inda ake rarrabe shi bisa nauyi, zuwa membiren Towbin da abokan aikinsa ne suka wallafa ta a Basel a 1979, Burnette kuma ya raɗa mata sunan westan a 1981.

Abin riƙewa a nan shi ne luminol kamar kananzir yake a fitila. Ƙonewa yake yi, kuma yana ƙarewa. Da zarar ka zuba shi a membiren, lokaci ya fara tafiya. Ruwan ECL na gama-gari yana kai ƙololuwar haskensa tsakanin minti 5 zuwa 20, daga nan ya riƙa raguwa, kusan rabi duk bayan awa guda. Idan lagwani ya yi tsawo, wato HRP ya yi yawa, wutar za ta tashi fau ta mutu, ta bar maka hayaƙi.

Don haka zaɓen ruwa da tsinka antibodi na biyu abu ɗaya ne, tare ake yanke shawararsu. Ruwan ECL aji-aji ne. Akwai na gama-gari irin Pierce ECL ko Amersham ECL, wanda ya dace da furotin mai yawa a samfur kamar aktin ko GAPDH. Akwai na tsakiya irin SuperSignal West Pico ko Clarity, wanda da shi nake yin kusan duk aikina. Sai masu tsananin ji irin West Femto, waɗanda ake ajiyewa don furotin da ya yi ƙaranci ƙwarai. Idan antibodinka na biyu miligiram 1 ne a mililita, West Pico yana son a tsinka shi tsakanin 1 cikin 20,000 zuwa 1 cikin 100,000, Femto kuwa daga 1 cikin 100,000 har 1 cikin 500,000. Mutane suna jin waɗannan lambobi su ce ai ba abin da zai fito. Yana fitowa, kuma fili ya fita tas. A ganina sayen Femto don a duba aktin ɓarnar kuɗi ce, kuma hoton da za a samu ya fi muni.

Ga wani wuri da ake yawan yin kuskure. Idan kana son 1 cikin 20,000 a mililita 10, rabin maikurolita kake bukata, kuma babu fifet, wato abin ɗibar ruwa, da zai ba ka wannan daidai a hannun mutum mai sauri. Yi shi hawa biyu. Ɗebi maikurolita 2 na antibodin ka zuba a maikurolita 198 na bafa, wato ruwan gishirin da ake tsinki da wanki da shi, ka sami 1 cikin 100. Daga nan ka ɗebi maikurolita 50 ka zuba a mililita 10, ka sami 1 cikin 20,000. Idan 1 cikin 100,000 kake so, maikurolita 10 za ka ɗeba. Ragowar tsinkin farkon ka zubar da shi, ranar kawai yake da amfani.

Tun ran gini tun ran zane, in ji Hausawa, kuma yawancin abin da ake ɗora wa ruwan ECL laifi tun jiya ko shekaranjiya aka ɓata shi. Bayan ka kwafe furotin daga jel, tsoma membiren a jan rinin Ponceau S na minti biyar ka ɗauraye da ruwa. Idan jajayen zane sun fito a kowane layi daidai wa daida, babu farin tabon kumfar iska, ka ci gaba. Idan ba su fito ba, tsaya nan, kada ka ƙona antibodi mai tsada a kan membiren da babu komai. Ɗauki hoton wannan jan zanen ka ajiye, zai yi maka amfani wajen tabbatar da cewa ka loda samfur daidai. Idan membiren ɗin PVDF kake amfani da shi, ka tuna sai an jiƙa shi da metanol kafin ya sha ruwa, kuma duk lokacin da ya bushe ya koma fari fat sai an sake jiƙa shi. Membiren ɗin naitiroselulos kuwa ba ya son metanol tsantsa, lalata shi yake yi.

Bafar wankina TBST ce. A lita 1 na tataccen ruwa ina sa giram 2.4 na Tris da giram 8.8 na gishirin sodiyam kulorayid, in daidaita pH zuwa 7.6 da asid, sannan in ƙara mililita 1 na Tween 20. A cikinta nake dama madarar toshewa, wadda ke rufe sauran filin membiren don kada antibodi ya manne ko'ina, giram 2.5 a mililita 50, wato kashi 5 cikin 100. Madarar dole ta zama garin madara mara mai. Wadda muke shan shayi da ita tana da mai, wata ma da man itatuwa aka cika ta, kuma na ga abin da take yi wa fili. Dama ta sosai na aƙalla rabin awa, ka tace ta. Ƙananan gudajin da ba su narke ba su ne ke fitowa a fim kamar an watsa barkono. Kuma a zafinmu madarar da aka dama ba ta kwana a kan tebur. Ko a firji ba na wuce kwana biyu da ita, idan ta fara tsami ko ɗan wari ne sai a zubar.

Aikin da muka fi yi a ɗakin gwajinmu shi ne duba furotin ɗin Akt a hantar ɓeraye, wanda ke fitowa wajen kilodalton 60, musamman nau'insa mai ɗauke da fosfet a gurbin Ser473, wanda ake kira fosfo-Akt. Ga irin wannan ba na tsinka antibodi na farko a madara, don kasin ɗin da ke cikin madara shi ma furotin ne mai fosfet, yana iya ɓata fili ko ya rage ƙarfin zane. BSA, furotin na jinin shanu, kashi 5 cikin 100 nake amfani da shi, in bar membiren ya kwana a digiri 4 yana jijjiga a hankali. Wani abin lura ga masu aiki da ɓera: hanta tana da jini sosai, a cikin jinin kuma akwai antibodin dabbar da kanta. Idan na farkonka daga jikin ƙaramin ɓeran gwaji aka samo shi, na biyun da ke kama shi yana iya kama na dabbarka ma, sai ka ga zane a kilodalton 50 da 25 waɗanda ba naka ba ne. Shi ya sa nake fifita antibodin da aka samo daga zomo. Idan kana shakka, yanki layi ɗaya ka yi masa komai ban da antibodi na farko. Duk zanen da ya fito a wannan layin ba na furotin ɗinka ba ne.

Sai sodiyam azayid, wanda ya isa a yi masa magana shi kaɗai. Muna sa shi kashi 0.02 cikin 100 a antibodi na farko don mu iya sake amfani da shi sau da yawa ba tare da ƙwayoyin cuta sun ɓata shi ba, kuma hakan daidai ne, kuɗi yake ceto. Amma azayid yana kashe HRP. Kada ya shiga antibodi na biyu, kada ya shiga bafar wanki, kada ya shiga madarar da za ka tsinka na biyun a ciki. Bayan na farko ka wanke membiren sau uku, minti goma-goma, da bafa mai yawa, sannan ka sauya masa kwano. Akwai shekarar da muka yi mako biyu fim yana fitowa fari sol, ba zane ba datti, har sai da tsohon ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda muke kira Baba, ya ɗaga kwalbar madara ya ce, "Malama, wa ya sa wa wannan magani don kada ta yi tsami?" Wani ne ya sa da kyakkyawar niyya. Tun daga nan duk kwalbar da azayid ya shiga muna naɗa mata jan tef.

Bayan awa ɗaya a antibodi na biyu, wanki na ƙarshe ya fi kowanne muhimmanci. Ina yin sau huɗu, minti goma-goma, bafa ta rufe membiren sosai, injin jijjiga yana aiki. A cikin waɗannan minti arba'in ɗin ne nake shirya komai, domin ba na haɗa ruwan ECL sai na tabbata ba abin da zan tashi nema. Kwalaben ECL guda biyu suna fitowa daga firji su huce zuwa zafin ɗaki, don enzayim ba ya aiki da kyau a ruwa mai sanyi. Ina leƙa ɗakin duhu in ga an zuba ruwan wankin fim. Idan da kyamara zan ɗauka, ina kunna ta da wuri saboda sai ta sanyaya kanta kafin ta yi aiki. Sannan ina tambayar halin wuta. Idan akwai alamar za a ɗauke, gara membiren ya zauna a TBST, ko awa biyu ne ba abin da zai same shi, har a tayar da janareta. Membiren da ke cikin bafa yana iya jira, wanda aka zuba wa ECL kuwa ba ya jiran kowa.

Idan kwalbar ta daɗe ko ana shakkar ta sha zafi a hanya, gwajin minti ɗaya ya isa ya raba gardama. Haɗa maikurolita 100 daga kowace kwalba a ƙaramin bututu, ka shiga ɗakin duhu, ka ɗiga maikurolita 1 na antibodi na biyu wanda ba a tsinka ba. Idan duka biyun suna da rai za ka ga bututun ya kama shuɗin haske a tafin hannunka, da idonka. Har yau ina jin daɗin nuna wa sabon ɗalibi wannan, don daga ranar yake yarda cewa hasken gaske muke ɗauka. Idan bai haska ba, ɗaya daga cikin biyun ya mutu, sai ka gwada da wani antibodin ka gane wanne ne.

Haɗin kansa ba wuya. Yawancin ruwan kashi ɗaya ne na luminol da kashi ɗaya na feroksayid, amma ka karanta takardar da ta zo da naka, don akwai masu wani ma'aunin daban. Kowace kwalba da nata bakin fifet. Idan ka tsoma baki ɗaya a duka biyun, ka fara ƙona sinadarin a cikin kwalba, kuma bayan 'yan makonni za ka rasa dalilin da ya sa ruwan ya yi rauni. Kamfanoni suna cewa a zuba mililita 0.1 a kowace murabba'in santimita, wato ƙaramin membiren mai santimita 8.5 da 6.5 zai ci sama da mililita 5. Mu ba mu da wannan wadatar. Ina shimfiɗa leda mai tsabta a tebur mai daidaito, in ɗiga mililita 1 na haɗin a kanta, in ɗauko membiren da hantsakin roba, in taɓa gefensa a kan takardar goge hannu ya tsane, sannan in kifa shi a kan ɗigon, fuskar furotin a ƙasa. Ruwan yana bazuwa da kansa har gefe. Ka duba ta ƙasa kada kumfa ta maƙale. Idan ka yanka membiren ɗin siri-siri, rabin mililita ya ishi kowane yanki.

Na ce hantsakin roba da dalili. Luminol ba HRP kaɗai yake amsa wa ba. Tsatsar ƙarfe tana tayar da shi, jini yana tayar da shi, shi ya sa masu binciken laifi ke fesa shi don gano jinin da aka goge, kuma bilic ma yana tayar da shi. Hantsaki mai tsatsa zai bar maka baƙin tabo a gefe. Kwanon da aka wanke da bilic ba a ɗauraye sosai ba zai ɓata fili gaba ɗaya. Safar hannu kuma dole ce, mara hoda, don zanen yatsa yana fitowa a fim sarai. Da hunturu ina rufe taga in goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma kafin in shimfiɗa leda, saboda ƙura.

Lokacin jira bayan an kifa membiren ya danganta da irin ruwan. Na gama-gari minti 1, Pico da Clarity minti 5. Sa agogo. Idan ya cika, ɗaga membiren ka sake tsane shi a gefe, ka sa shi tsakanin leda biyu, irin ledar ajiye takardun ofis da aka yanka ta fi ta naɗe abinci don ba ta yamutsewa. Bi ta kai da gefen hannu ka kori kumfa da rarar ruwa zuwa waje, ka goge. Rarar ruwa tana sa fili ya yi gajimare, bushewa kuma tana kashe enzayim, don haka danshi kake nema, ba jiƙa sharkaf ba. Kuma ko ɗigo kada ya taɓa fim.

A ɗakin duhu, jan fitila kaɗai, waya a aljihu a kife. Liƙa ledar a cikin kaset, wato akwatin riƙe fim, da tef don kada ta motsa, ka lanƙwasa kusurwa ɗaya ta fim don ka san sama da ƙasa. Ɗora fim sau ɗaya, kada ka gyara masa zama bayan ya sauka, in ba haka ba za ka sami zane biyu-biyu. Ina farawa da daƙiƙa 30. Wannan fim na farko shi ne ɗan aike, shi zai gaya maka ko ka sauka zuwa daƙiƙa 5 ko ka hau zuwa minti 2 ko 5. Idan minti 10 bai nuna komai ba, barin fim ya kwana da wuya ya cece ka, don hasken na raguwa ne. Wankin fim da hannu irin na masu hoto ne na da: ruwan fito da hoto, ɗauraya, ruwan kafe hoto har fim ya washe, ɗauraya mai kyau, sannan a rataye. An tsara ruwan farkon ne don wajen digiri 20, a ɗakin da ya haura 35 kuwa yana aiki da sauri har ya baƙanta fili, saboda haka ina ɗora kwanonsa a cikin babban kwano mai ruwan sanyi. Idan ruwan fito da hoton ya koma launin shayi, ƙarfinsa ya ƙare. Ruwan kafe hoto da aka yi amfani da shi yana ɗauke da azurfa, ana tara shi a jarka, ba a zuba shi a kwata. Kafin ka cire membiren daga kaset, mayar da busasshen fim a kansa ka zana matakan ma'aunin nauyi da alƙalami, don launukansu ba sa fitowa a fim, kuma zanen da ba a san nauyinsa ba bai zama shaida ba.

Idan kana da kyamara, fara da ɗaukar hoton ma'aunin da farin haske, sannan ka ɗauki na ECL ba tare da ka motsa membiren ba, a jere daga gajeren lokaci zuwa dogo. Kunna alamar da ke nuna inda haske ya cika ya tumbatsa, yawanci ja take fitowa. Duk zanen da ya yi ja ba a auna shi. Dalilin yana da muhimmanci. Idan mudu ya cika, ko ka ƙara hatsi ba zai nuna ba, to haka zanen da ya tumbatsa yake: samfur mai ninki biyu da mai ninki biyar duk baƙi ɗaya za su ba ka. Fim yana cika da wuri ƙwarai, kyamara tana da faɗin awo da ya fi nasa nesa ba kusa ba, shi ya sa idan lambobi nake so ba na dogara da fim. Aktin ne ya fi faɗawa wannan tarkon. Maikurogiram 30 da ka loda don fosfo-Akt ya fito ya yi wa aktin yawa, sai ka ga zanensa duk sun yi kauri iri ɗaya, ka ɗauka lodinka daidai ne. Sau ɗaya a farkon aiki ka loda samfur guda a maikurogiram 5, 10, 20 da 40, ka auna. Inda haske ke ninkuwa tare da lodi, nan ne wurin aikinka. Ajiye hoton a TIFF mai bit 16 yadda ya fito daga injin, a kansa za ka yi awo da manhajar ImageJ. Hoton da aka turo ta WhatsApp an matse shi, na kallo ne kawai. Idan za ka gyara haske don bugawa, gyaran ya shafi hoton gaba ɗaya, kuma asalin ya zauna a ajiye.

Idan hoto bai yi kyau ba, ka karanta shi kafin ka sauya komai. Fari sol ba ko datti yana nufin enzayim ko ruwa ya mutu, ko azayid ya shiga, ko antibodi na biyu bai dace da dabbar na farko ba. Fili baƙi ko'ina yawanci antibodi na biyu ne ya yi yawa ko wanki bai isa ba. Ɗige-ɗige madara ce ko gudajin tsohon antibodi, wanda juyawar minti biyar a injin santirifuj ke kwantarwa. Farin zane mai baƙin gefe kuwa ka riga ka san labarinsa. Abu ɗaya za ka sauya a kowane zagaye, ka rubuta a littafi.

Membiren ɗaya yana iya ba ka amsa fiye da ɗaya. Ni da mai rauni nake farawa, fosfo-Akt, sannan in kankare antibodin in duba Akt gaba ɗaya, don kowace kankara tana tafiya da wani ɓangare na furotin. Mai sauƙi ita ce bafar gilaisin mai pH 2.2. Idan ta gaza sai mai ƙarfi: Tris milimola 62.5 a pH 6.8, SDS kashi 2 cikin 100, da beta-makaftoyetanol milimola 100, minti 30 a digiri 50, a cikin akwatin zuƙe hayaƙi saboda warinsa da illarsa. Bayan kankara ka wanke sosai, ka zuba ECL ka ɗauki hoto ka tabbata tsohon zane ya tafi, sannan ka sake toshewa. Aktin ba ya bukatar wannan, tunda 42 da 60 suna da tazara, yanka membiren a tsakaninsu ya wadatar.

Akwai lokacin da kwalba ke ƙarewa sabuwa ba ta iso ba, kuma ɗalibi yana da ranar kare aikinsa. A nan muke haɗa namu. Narka miligiram 44 na luminol a mililita 1 na ruwan narkarwa DMSO, wato milimola 250. Narka miligiram 15 na fara-kumarik asid a mililita 1 na DMSO, wajen milimola 90. Raba kowanne a ƙananan bututu, ka naɗe da takardar alminiyam, ka sa a firiza. Ranar aiki ka ɗebi mililita 10 na Tris milimola 100 mai pH 8.5, ka ƙara maikurolita 50 na luminol da 22 na kumarik asid, sai a ƙarshe, dab da zubawa, maikurolita 3 na haidurojin feroksayid mai kashi 30 cikin 100. Minti 1 a kan membiren ya isa. Abu biyu ke ɓata wannan haɗin a wajenmu. Feroksayid yana mutuwa a zafi da haske, don haka ya zauna a firji cikin kwalba mai duhu. Sannan pH ɗin Tris yana sauka wajen 0.03 duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, saboda haka ka daidaita shi a zafin da za ka yi aiki da shi. Wannan ruwan yana fitar da aktin da Akt gaba ɗaya ba matsala, amma haskensa yana saurin raguwa, kuma ga fosfo-Akt mai rauni ina jiran na kamfani.

Shi kuwa ɗalibin nan mai fararen zane, ba mu sake gudanar da jel ba. Mun kankare membiren ɗinsa da gilaisin, ya sake toshewa, antibodi na farko ya kwana, washegari ya tsinka na biyu 1 cikin 20,000 hawa biyu yadda na nuna masa, muka yi amfani da Pico maimakon Femto ɗin da ya zuba da farko. Zane takwas suka fito baƙi siriri a daƙiƙa 10, layi na shida ya fi sauran rauni kaɗan, da muka koma hoton Ponceau kuwa sai ga shi tun can lodin layin ya gaza.